Darasi na 6: Renon Kaktus Mai Fure a Tsakar Gida

Kaktus baƙo ne a wurinmu. Asalinsa nahiyar Amurka, ƙasashe irin su Meziko, Peru da Burazil. Wanda za mu koya a yau shi ne dogon nan mai tsayawa ƙyam kamar ginshiƙi, wanda masana tsirrai ke kira Cereus. Ana samunsa wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Idan ya ji daɗin wuri, yakan zarce katangar gida.

Da farko, kada ku rikita shi da ƙerana ko tinya, don sun yi kama ƙwarai. Ku ƙarce jikinsa da tsinke. In farin ruwa kamar nono ya fito, ƙerana ce, ku kiyayi idonku da na yara. Ruwan kaktus ba shi da launi, kuma ƙayoyinsa a tattare suke fitowa daga wani ɗan gurbi mai gashi kamar auduga.

Ba sai kun nemi iri ba, reshe ya isa. Ku naɗe shi da tsohon buhu saboda ƙaya, ku yanko kamu guda da wuƙa mai tsabta. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure: suna yankowa sai su dasa. A'a. Ku jingine shi a inuwa mako biyu, sai bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo kamar miki ya warke. Ɗanyen yanka in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓewa yake yi.

Ga haɗin ƙasa: kwano 2 na yashi, kwano 1 na tsakuwa, kwano 1 na ƙasar lambu mai tsohon taki. Tsohuwar randa ta fi bokitin roba, domin tana tsotse laima, kuma nauyinta ba zai bar iska ta kayar da shukar ba. Ku huda gindinta. Ku binne reshen zurfin yatsu huɗu, ku tokare shi da duwatsu, sannan ku yi kamar kun manta da shi. Ruwan farko sai bayan mako biyu. Bazara ce lokacin dashe mafi kyau, don ya yi saiwa kafin damina ta sauka.

Ƙishirwa ba ta cika kashe kaktus ba, yawan ruwa ne ajalinsa. Ni kaina na farko da na dasa, ƙarƙashin indararo na ajiye shi. Kafin ƙarshen Agusta gindinsa ya yi laushi tuɓus kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Ku cusa yatsa cikin ƙasar. In da sauran danshi, ku ajiye butar. Da hunturu sau ɗaya a wata ya wadatar. Yana son rana sosai, amma sabon dashe a fara masa da ta hantsi.

Fure kam sai an yi shekaru ana jira. Toho zai ɓullo a gefen jikinsa, ya yi ta tsawo. Ranar da kuka ga kansa ya kumbura da la'asar, ku tanadi fitila. Bayan isha'i zai buɗe, fari fat, faɗin tafin hannu, kafin rana ta ɗaga kuma ya yanƙwane.

Aiki: ku rubuta haɗin ƙasar nan a littafinku. Ranar darasi na gaba kowa ya zo da yashi kwano biyu.