Babi na Bakwai: Yadda Ake Hana Wuƙa Yin Tsatsa

Darasi na 1: Abin da ke kawo tsatsa

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauko wuƙar da yake fita da ita gona ko fadama ko bakin gulbi, ya ajiye ta a gabansa kafin mu ci gaba. Ku duba jikinta. In kun ga ja-ja wanda yake barin gari a yatsa idan an murza, wannan ita ce tsatsa. In kuwa baƙi-baƙi ne mai santsi da ba ya fita a yatsa, ku ƙyale shi, ba ya cin ƙarfe.

Tsatsa tana kama ƙarfe ne idan ruwa ya zauna a kansa, iska kuma tana taɓa shi. Iska ba mu da iko da ita, amma ruwa muna iya gogewa. Jini da gishiri da gumin hannu da abu mai tsami, irin tumatir, suna ƙara mata sauri.

Wuƙar maƙera, irin wadda ake ƙerawa a Maƙera Assada a nan Sakkwato, baƙin ƙarfe ce. Tana da kaifi, tana da sauƙin wasawa, amma ba ta jure jiƙa. Mai ƙyallin nan ta kanti da ake ce wa silba, an haɗa ƙarfenta da wani sinadari, kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ya sa take daɗewa ba ta yi tsatsa ba. Mai wuƙar maƙera kada ya raina tasa, kulawa kawai take so.

Darasi na 2: A busar da wuƙa

Wannan darasi ya fi sauran duka. Ku bi shi a hankali, ba sauri muke yi ba. Wanda karatu ya yi wa nauyi ya sa na kusa da shi ya karanta masa.

In an gama aiki, a wanke wuƙa da ruwa mai tsabta. Wannan kowa ya iya. Abin da ke biye ne yake kayar da mutane.

A samo tsumma busasshe. Busasshe nake cewa, wato wanda ruwa bai taɓa shi ba a ranar, ba wanda aka gama share hannu da shi ba. A riƙe wuƙa ta ƙota, bakinta yana kallon waje, ba wajen jikinku ba. A ɗora tsumma daga bayan wuƙa, wato gefen da ba ya yanka, a goge zuwa tsini. A juya ɗaya gefen a goge. Gefe biyu wuƙa take da shi, da yawa ɗaya suke gogewa su ce sun gama.

Yanzu a duba gindi, inda ƙarfe ya shiga ƙota. Nan ruwa yake maƙalewa, nan kuma tsatsa take farawa. A naɗe bakin tsumma a tsinke, a cusa a wurin, a zagaya. Sannan a shanya wuƙar a rana na ɗan lokaci, inda yara ba za su kai ba.

Yaya za a san ta bushe? A danna ƙyallen takarda a jikinta da gindinta. In takarda ta yi tabon ruwa, a sake gogewa. Ba abin kunya ba ne a goge sau biyu. Madalla da wanda ya yi haka.

Mu maimaita tare: a wanke, a goge gefe ɗaya, a goge ɗaya gefen, a goge gindi, a shanya. Kowa ya rubuta wannan a littafinsa. Wanda hannunsa bai saba ba ya rubuta kalma ɗaya, Busar, da manyan baƙaƙe, ya isa.

Amma jama'a, sai na faɗa muku gaskiya. A aji kowa yana gyaɗa kai, in an ce an gane sai a ce an gane, ranar duba wuƙaƙe kuma sai ka ga gindin kowace ja wur. Yarfe wuƙa sau biyu ba busarwa ba ne. Goga ta a cinyar wando mai gumi ba busarwa ba ne, gishiri ma aka ƙara mata. Share ta da ciyawar fadama mai raɓa, wannan sabon wanka ne. Haba Baba, haba Inna! Ku da kuke wuni cikin rana kuna dashen albasa, goge wuƙa ne zai gagare ku? Daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta da iska kanta take da laima, dare ɗaya ya isa wuƙa jiƙaƙƙiya ta wayi gari da tsatsa. Da hunturu ma kada a yi sakaci, masu aiki a bakin Gulbin Rima sun san raɓar asuba. A goge gindi. Na sake faɗa, a goge gindi.

Darasi na 3: Shafa mai

Sai wuƙa ta bushe ake shafa mai. Wanda ya shafa a kan jiƙaƙƙiya ya rufe ruwa a ciki ke nan, ya koma darasi na 2.

Ɗigo 2 ko 3 sun isa. A ɗiga a tsumma, a shafe gefe biyu da gindi har ta yi ɗan sheƙi, ba har ya riƙa zuba ba. Wuƙar yankan nama ko kayan miya, man gyaɗa ko man kaɗe. Man gyaɗa yana yin danƙo in ya daɗe, sai a wanke a sabunta. Baƙin man mota kada ya kusanci wuƙar abinci ko kaɗan, guba ne.

Darasi na 4: Kube da wurin ajiya

Kuben fata na dukawanmu yana da kyau wajen fita, amma fata tana riƙe laima, bagaruwar da aka jeme ta da ita kuma tana baƙanta ƙarfe. In an dawo gida a zare wuƙa daga kube. In ruwan sama ya daki kuben, ya bushe tukuna.

Wuƙar layya da za ta shekara ba a taɓa ba, a shafe ta da basilin, a naɗe a busasshen ƙyalle, a sa a sama. Ban da gindin randa, ban da sokawa a ƙasa ko jikin darni.

Darasi na 5: In ta riga ta yi tsatsa

A kwantar da ita a kan katako. A dama toka da ɗan ruwa, a goge da tsumma ko soson waya. In ta ƙi fita, a matsa lemun tsami, a jira kaɗan, a sake gogewa. A wanke, a busar yadda aka koya, a shafa mai.

Darasi na 6: Adda, lauje da gatari

Duk ɗaya ne da wuƙa. Su ana iya sa musu man keken ɗinki.