Yadda nake haɗa buluz da rok mai juya kai ba tare da na binne murya ba

Shekara 14 ke nan ina kaɗa jita, 9 daga ciki a nan Ingila, a ƙananan zauruka inda ake buluz, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, irin na Shikago. Yawancin masu zuwa sun haife ni. Ina ƙaunar dattawan nan, kunnensu ya san abin da yake ji, amma kowace shekara kujerun da babu kowa a kai sai ƙaruwa suke. Samarin da ke leƙowa kuwa, waƙa biyu za su tsaya ji su fice. Wannan ya sa na fara zuba wa buluz ɗina kayan rok ɗin da Turawa ke kira saikedelik, wanda ni nake ce masa mai juya kai: jita tana kuka, sauti yana shawagi kamar yana zagaya ɗaki. Wasu na haɗa irin wannan kiɗa da ƙwaya, domin a zamanin da ya fito an sha ta ƙwarai. Ni ban taɓa buƙatarta ba, kuma duk abin da zan faɗa a nan aikin kunne ne da yatsu.

Kafin ka sayi ko na'ura ɗaya, ka zauna ka saurari abu biyu da aka yi a shekara guda, 1968.

Na farko faifan Muddy Waters ne, Electric Mud. Muddy ya baro Misisifi zuwa Shikago a 1943, ya kama jitar lantarki don a ji shi a cikin hayaniyar mashaya. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 matasan baƙaƙen fata sun koma wa kiɗan sol, matasan fararen fata kuma suna ta sayen faifan Jimi Hendrix da na ƙungiyar Cream. Sai Marshall Chess, ɗan mai kamfanin faifai na Chess, ya shigar da Muddy situdiyo tare da matasan makaɗa irin su Pete Cosey, aka cika waƙoƙinsa da fuz, na'urar da ke sa sautin jita ya yi kaushi da ruri, da wa-wa, wadda ake takawa da ƙafa jita ta yi kamar tana cewa "wa-wa". Faifan ya yi kasuwa, ya shiga jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa, amma daga baya Muddy ya fito fili ya kushe shi. A 1969 aka yi wa wani mawaƙin buluz, Howlin' Wolf, irin wannan aiki, har aka rubuta a bangon faifan cewa shi Wolf ɗin ba ya son sa. Ni ina son Electric Mud, akwai wuta a cikinsa. Amma ka kasa kunne ga abu ɗaya: babu mai jiran Muddy. Shi mutum ne mai jan kalma a bayan bugun ganga, yana rera ta a makare da gangan, kuma makaɗansa na dā sun san su dakata masa. A wannan faifan ganga tana gudu, jitoci suna magana a lokacin da yake magana, sai dattijon ya zama baƙo a cikin waƙarsa.

Na biyu shi ne doguwar Voodoo Chile ta Hendrix, mai minti 15, wadda aka ɗauka a New York da Steve Winwood a kan ogan da Jack Casady a kan bas. Daga tsohon buluz ɗin Muddy ta tsiro. Duk haukan da jita take yi a ciki, in murya ta shigo kowa sai ya sassauta. Bambancin ke nan, kuma a kansa na gina duk aikina.

Mu Hausawa muna da sunan abin: amshi. Buluz na gargajiya gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu huɗu, layi uku na waƙa, kowane layi gaɓa 4. Mawaƙi yakan cinye kamar gaɓa 2 na kowane layi, ya bar 2 fanko. In kana kaɗawa a E, gaɓa 4 na farko kana kan kod ɗin E (kod shi ne sautukan da ake kaɗawa tare lokaci guda), sai A guda 2, E guda 2, B ɗaya, A ɗaya, ka dawo E ka rufe. Ka ɗauki takarda ka rubuta gaɓoɓin nan 12, ka ja layi a ƙarƙashin inda murya take. Kusan rabi nata ne. A wannan rabin ƙafarka kada ta taɓa kowace na'ura. Sauran rabin na jita ne, ita ce 'yar amshi, kuma a nan kaɗai za ka saki fuz da amsa-kuwa su yi abin da suka ga dama. Duk wanda ya taɓa jin yadda 'yan amshin Shata suke barin sa ya gama layi kafin su karɓa ya riga ya san dokar.

Na koyi wannan ne da wahala. A wani zaure na taɓa taka fuz tun waƙar farko ban ɗaga ƙafa ba har aka tashi. Dattawa sun fita kafin hutun rabin lokaci, samarin ma ba su zauna ba. Muna naɗe wayoyi mai ganga ya ce mini, "Ɗan'uwa, yau ban ji kalma ɗaya da mawaƙinmu ya faɗa ba." Maganar ta zauna mini kwana da kwanaki.

Yanzu kayan aiki. Uku sun ishe ka: fuz, wa-wa, da na'urar amsa-kuwa. In kuɗi ya samu ka ƙara Uni-Vibe, wadda ke sa sauti ya riƙa kaɗawa kamar ruwa, irin wadda Hendrix ya taka a bikin kiɗa na Woodstock a 1969.

Fuz ita ce zan daɗe a kanta, domin ita aka fi ɓatawa. Irin ta dā, kamar Fuzz Face, tana son ta zama ta farko bayan jita, ba tare da wata na'ura ta shiga tsakani ba. In ka jera ta haka, maɓallin ƙara da ke jikin jitarka ya zama linzami. Ka murɗa shi zuwa 10, ta yi ruri. Ka sauke shi zuwa 6 ko 5, sautin ya wanke ya koma kusan garau, da ɗan kaushi a gefe. Wannan yana nufin za ka iya barin fuz a kunne tsawon waƙa, ka riƙa sarrafa ta da ɗan yatsa: ƙasa idan murya na magana, sama idan lokacin amshi ya zo. Ka kwana bakwai kana gwada wannan kaɗai kafin ka taɓa wani abu. Ga kuma shawara ga wanda ke Kano ko Yamai ko Agadas: fuz mai taransiston jamaniyam ba ta jure zafi, sautinta yakan canja ko ya shaƙe idan rana ta dake ta. Ka nemi mai silikon. Ta ɗan fi tsauri a kunne, amma ba za ta ba ka kunya a dandali ba.

Kada kuma wani ya ce maka ƙazamin sauti baƙo ne a buluz. Tun farkon shekarun 1950 Little Walter yake rufe hamonika da makirufo a tafin hannu yana tura ƙaramar amfilifaya har ta fashe da kaushi. Fuz ƙari ce a kan abin da ke gidan tun asali.

Wa-wa kuwa, yawancin masu koyo suna taka ta da kowane bugu, sai ta zama kamar kukan agwagwa. Ka taka ta a hankali a kan sauti ɗaya da ka ja, ta buɗe kamar baki yana furta kalma. Ko ka tsayar da ita a tsakiya ka bar ta, ta ba ka sautin hanci mai ratsa ganga. Amsa-kuwa ina sa ta wajen milisakan 400, ta maimaita sau uku ko huɗu, kuma ƙararta ba ta kai ta ainihin jitar ba. In ta wuce haka a waƙa mai sauri, sai sautuka su hau kan juna su zama kunu. Kuma kada ka kunna su duka a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Kowace waƙa ka zaɓa mata na'ura ɗaya da za ta zama launinta.

Mai ganga da mai bas su ne ƙasar da ake tsaye a kai, kuma su ba sa tashi sama. Duk nisan da jita za ta yi, mai ganga ya riƙe tafiyar buluz mai ɗingishi, bugun nan da ke rabuwa uku-uku, mai bas ya riƙe gindin kod. In kowa ya tashi tare, babu wanda mai sauraro zai kama. Ni nakan ce wa mai bas ɗinmu ya ɗauka shi ne turken da aka ɗaure doki.

Inda abin ya fi daɗi shi ne tsakiyar waƙa. Bayan baiti biyu ko uku na gaɓa 12, sai mu daina canja kod, mu zauna a kan E kaɗai. Wannan ma ba ƙirƙirar 'yan rok ba ce. John Lee Hooker ya yi tashe da kod ɗaya tun 1948, haka R. L. Burnside da Junior Kimbrough na arewacin Misisifi suka rayu suna kaɗawa. Kunnen da ya tashi da goge da gurmi ba zai ji baƙunta ba, kiɗa ne mai zagayawa wuri ɗaya har ya ɗauke ka. A nan nake barin tsirkiyar E ta ƙasa tana gunji ba tare da na danne ta ba, in yi ta yawo a saman. Na fara da sautuka biyar na buluz: E, G, A, B, D. Idan ya zauna, sai in shigo da F# da C#, nan take iska ta canja, waƙar ta buɗe kamar an ɗaga labule. Kada ka fara da ƙarfi. Ka fara ƙasa-ƙasa har a ji numfashin amfilifaya, ka hau sannu, ka ajiye rurin da kukan amfilifaya zuwa minti na ƙarshe. Ku kuma yi alkawarin alamar dawowa tun a wajen gwaji. Mu tamu ita ce in na ɗaga wuyan jita sama, mai ganga ya yi birgima ɗaya, kowa ya faɗa kan kod ɗin A na gaɓa ta 5, mawaƙi ya karɓa. Tafin da ya fi ƙarfi a daren yakan zo ne daidai wannan dawowa. Minti 7 ko 8 ya isa waƙa guda. Cream sun kan wuce minti 15 a dandali, amma waƙar Robert Johnson ta 1936 da suka sake kaɗawa a San Faransisko a 1968, wadda har yau ake sa wa a rediyo, minti 4 ce da 'yan daƙiƙoƙi.

Jerin waƙoƙin dare ma aiki ne. Ina buɗewa da buluz tsantsa guda biyu, dattawa su san ba a sace musu gida ba. Ta uku in buɗe tsakiyarta kaɗan. Mai tsawon nan ina ajiye ta sai an ci kashi biyu cikin uku na daren, bayanta kuma in kashe komai, in yi buluz mai sanyi da jita garau. Samarin da suka zo don ruri sukan yi tsit a wannan waƙar, kuma ita suke tambaya idan an tashi.

Sauti kaɗai ba ya kawo sababbin mutane, sai ka je inda suke. Lokacin da mai shirya wasanni Bill Graham ya sa mawaƙin buluz B. B. King a zauren Fillmore na San Faransisko a 1967, King bai canja ko tsirkiya ɗaya ba. Matasa masu dogon gashi suka miƙe tsaye suna tafi, shi kansa ya sha ba da labarin cewa sai da ya yi hawaye. A 1968 Albert King ya ɗauki faifai kai tsaye a wannan zaure. Ka nemi a haɗa ka dare ɗaya da ƙungiyar rok ta matasa, ko da kai za ka buɗe musu, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Darare uku irin wannan sun kawo mana sababbin fuskoki fiye da shekara guda a zaurenmu na kullum.

Mu 'yan Nijar muna da misali a gida. Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori. Kiɗansa na Buzaye ne, ba buluz ɗin Shikago ba, amma hanyar da ya bi ita ce wannan: ya riƙe tafiyar gargajiya da harshensa, ya saki jita ta yi ruri, kuma zuwa 2021 kamfanin Matador na Amurka ne yake fitar da faifansa ga masu sauraron rok. Bombino na Agadas ma ya je Nashville ya yi faifai da Dan Auerbach, ya fito a 2013.

Idan za ku ɗauka a situdiyo, murya a tsakiya, kusa, ba tare da an jiƙa ta da amsa-kuwa ba. Jita ce za ta yi yawo daga kunnen hagu zuwa na dama. Fuz da muryar mutum suna zaune a unguwa ɗaya, don haka ka ɗan rage wa jita wajen kilohaz 2 a inda suka haɗu. Juya sautin jita ya tafi da baya, wanda a dā sai an kife kaset, yanzu dannawa ɗaya ce a kwamfuta, kuma daƙiƙa 10 daga cikinsa sun wadatar. Kafin ka fitar, ka saurara a lasifikar waya, domin a nan yawancin samarin za su fara jin ka. In za ka yanki guntu don intanet, ka yanki daidai inda murya ta gama layi jita ta amsa.

Sai batun masu waƙoƙin. Willie Dixon, marubucin waƙoƙin buluz, sai da ya kai ƙungiyar rok ta Led Zeppelin kotu a 1985 kafin a sasanta a sa sunansa a kan waƙar da aka ɗebo daga tasa. Cream kuwa sun rubuta sunan Skip James a kan waƙarsa da suka ɗauka, kuɗin da ya shigo ya taimaka masa wajen jinya kafin ya rasu a 1969. In za ka saki waƙar wani a faifai, ka nemi izini ka biya haƙƙi. A dandali kuma, kafin in taka fuz a kan kowace tsohuwar waƙa, nakan matso kusa da makirufo in faɗi sunan wanda ya yi ta, da garinsu, da shekarar. Ina ganin yara suna ciro waya suna rubutawa.