Darasi na 7: Kashe Kaifin Gefe a Zanen Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa ɗaukar farantin ƙarfe da aka yanko yanzu-yanzu a wajen masu walda a garin Garwa na Kamaru ya san abin da gefensa ke yi wa tafin hannu. Shi ya sa maigida yake miƙa wa yaronsa magagari ya ce, "Kashe masa baki." Yaro ya goga, ya goga, har kaifin ya koma ɗan gangare. Wannan gangaren shi ake kira shanfiren da Faransanci, kuma a kan allo za ku ga an rubuta Chanfrein. Yau za mu yi aikin yaron nan, amma a cikin zane, tun kafin a taɓa ƙarfe.

Da manhajar FreeCAD muke aiki, don kyauta ce. Wanda ya ci karo da AutoCAD ko SolidWorks a wani shago kada ya ji tsoro, aikin ɗaya ne, sai dai wurin maɓallin da matakan sun ɗan bambanta.

Ku buɗe farantin da muka zana a darasin baya, wanda ake ɗaure injin niƙa a kansa: tsawo milimita 60, faɗi 40, kauri 10, da rami mai faɗin 12 a tsakiya. Ku kai kibiyar linzami kan layin gefen sama, har ya canza launi, sannan ku danna. Layi nake nufi, ba fuskar farantin ba. In kuka danna fuska, duk gefunan da suka kewaye ta za su shiga aikin, har da bakin ramin. Mai son gefe biyu ko uku ya riƙe Ctrl yana zaɓa. Sai a danna Chanfrein, a rubuta 2 a gurbin girma, a amince.

A nan nake so mu tsaya, domin nan ne mutane ke ruɗewa. Wannan 2 ɗin ba faɗin gangaren ba ne. Ma'anarsa, daga tsohon kaifin an ja baya milimita 2 a fuskar sama, an sauka milimita 2 a fuskar gefe, sannan aka yanke abin da ke tsakani. Da yake jan bayan daidai yake ta kowane ɓangare, kwanar ta zama digiri 45. In kuka aza ma'auni a kan gangaren kansa, kusan milimita 2,8 za ku samu. Na sha ganin ɗalibi ya auna, ya ga 2,8, ya ce kwamfuta ta yi kuskure. Ba ta yi ba. A takardar da za a kai wa mai injin tur, wato injin da ake yanka ƙarfe da shi, haka ake rubuta shi: 2 x 45°. Shi kuma abin da ya gani a takarda shi zai yanka, ba abin da ke zuciyarku ba.

Ku lura da waƙafin da ke cikin 2,8. Haka ake rubuta lamba a tsarin Faransanci, kuma kwamfutar da aka saita da Faransanci shi take jira.

Ba kullum ake son 45 ba. Manhajar tana ba da damar sa tazara biyu daban-daban, ko tazara ɗaya da kwana. Masu walda ke fi bukatar ta ƙarshen. In za a haɗa ƙarfe biyu masu kauri baki da baki, akan zaftare kowanne da kamar digiri 30, su haɗu su yi kwari mai siffar V, narkakken ƙarfe ya samu hanyar shiga har ƙasa. Ba don kyau ake yin wannan ba. Waldar da ta tsaya a sama kawai, ranar da injin ya ɗauki masakwa da yawa yana girgiza, ranar za ta buɗe.

Bakin rami kuwa milimita 1 ya ishe shi, don noti ya shige ba tare da ya cije ba.

Wani lokaci za ku danna, manhaja ta ƙi, ta nuna jan rubutu. Yawanci girman ne ya wuce ƙarfen da ke akwai. Farantinmu kaurinsa 10 ne. In kuka nemi 6 a sama, 6 a ƙasa, kun nemi 12, daga ina biyun za su fito? Ku rage lambar. Kuma shawarata, ku bar wannan aiki sai ƙarshe, bayan an gama ramuka da yanke-yanke. In kuka yi shi da wuri sannan kuka koma kuka canza siffar farantin, manhaja na iya rasa gefen da kuka zaɓa, gangaren ya koma wani wuri ko ya ɓace. Akwai maɓalli kusa da shi mai suna Congé, shi zagaye gefe yake yi kamar bakin ƙwarya. Zai zo a darasi na gaba.

Aikin gwaji

Ku kashe kaifin gefuna huɗu na saman farantin da milimita 2, bakin ramin da milimita 1. Ku danna Ctrl da S ku adana tun wuta ba ta ɗauke ba. Sannan kowa ya rubuta a littafinsa, da hannunsa, yadda zai nuna wa mai injin tur waɗannan ma'aunai biyu. Wanda yake da shago ya zo mana da guntun ƙarfe ɗaya da aka kashe wa baki, mu auna shi a aji.