Yadda na gyara takardun docx da ke hargitsewa a LibreOffice

Bayan na koma Linux Mint (tsarin sarrafa kwamfuta irin su Windows), duk takardar docx, wato ta Microsoft Word, da na buɗe a manhajar rubutu ta LibreOffice sai ta hargitse: wasiƙar shafi ɗaya ta zama shafi biyu, teburi ya tsallaka gefe. Na cire manhajar na sake sakawa, na rage faɗin gefen shafi, duk a banza.

Ashe salon haruffa ne babu. An rubuta takardun da salon haruffan Calibri da Cambria, kuma ba sa zuwa da Linux, sai kwamfuta ta ɗora wani salo mai faɗi a madadinsu.

Na rufe LibreOffice, na buɗe Terminal (tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni) na rubuta:

sudo apt install fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea ttf-mscorefonts-installer

Umarnin yana saka abu uku: biyun farko salon haruffa ne, Carlito da Caladea. Faɗin haruffan Carlito daidai yake da na Calibri, Caladea kuma da na Cambria. Na ukun shi ke sauko da Arial da Times New Roman, don haka sai da intanet. A nan mutum kan maƙale: shafin yarjejeniya zai fito, linzami ba ya aiki a kansa. Danna Tab har Ok ya haskaka, sannan Enter, a zaɓi Yes haka nan.

Daga nan na rubuta fc-cache -f a Terminal don kwamfuta ta gane sababbin haruffan, na sake buɗe wasiƙar. Alhamdulillahi, ta koma shafi ɗaya cif, sa hannu yana inda aka bar shi.