Yadda na raba tsakar gidana da aya-aya

Kiri-kiri, wato ciyawar nan mai shimfiɗuwa a ƙasa, na shuka a tsakar gidanmu da ke unguwar Arkilla a Sakkwato don yara su samu wurin birgima. Damina na kankama a Yuli sai ga wata ciyawa mai sheƙi ta fi shi tsawo. Na share ta da fartanya, bayan sati guda ta dawo kamar ina ba ta taki.

Wani dattijo mai lambu a fadama ya ce mini, "Ɗana, murza karanta da yatsu." Kusurwa uku gare shi. Aya-aya ce, ƙarfinta kuma yana can ƙasa, a 'yan ƙwayoyin da jijiya ta sarƙe. Sai na riƙa jira ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi, in tona kamar taƙi ɗaya, in tsince ƙwayoyin, in shanya su a kan kwano rana ta gama da su. Na kuma ɗaure famfon da ke yoyo, don a nan ta fi yawa. Maganin kashe ciyawa na glyphosate kam ban taɓa ba, don da kiri-kirin zai tafi.

Ƙarangiya da tsidau ba su wahalar da ni ba. Na tuge su kafin su yi ƙaya, wadda ta riga ta zuba na ja tsohon buhun algarara a kai, ya kwashe, na ƙone.