Darasin Turancin hanya: kalmar OVERTAKE

Kalmarmu ta yau ba baƙuwa ba ce, duk wanda ya taɓa shiga mota daga Gusau zuwa Talata Mafara ya ji ana cewa direba ya yi obatekin, rubutunta ne kawai ba mu saba da shi ba. Ga ta: OVERTAKE. Baƙaƙe takwas ne. Ku lura da na biyu, V, babu shi a Hausa shi ya sa bakinmu ke maishe shi b. E na ƙarshe kuma ba a furta shi, obatek za ku ce.

Ma'anarta ka cim ma abin hawa da ke gabanka ka wuce shi, kuna tafiya waje guda. Wanda ya taho daga gaba kuka gitta juna ba obatekin ba ne. In ana cikin yi sai a rubuta OVERTAKING, in an riga an yi OVERTOOK.

To ga inda nake so mu tsaya sosai. In kun ga NO a gabanta, NO OVERTAKING, hani ne, kada a wuce. Ko babu allo, farin layin da ke tsakiyar kwalta in ya miƙe bai yanke ba shi ma abin da yake faɗi ke nan, mai tsinke-tsinke ne ya ba da dama. A bayan wasu manyan motoci kuma za ku ga HORN BEFORE OVERTAKING, wato danna hon kafin ka wuce. Ta hagu ake wucewa, don tun 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, dattawan ajinmu sun tuna.

Wata rana tsakanin Jega da Koko direbanmu ya fito bayan tirela daidai kwana, sai ga motar albasa ta ɓullo, wallahi har fuskar yaron motar na gani, Allah ya kiyaye muka gangara gefe, wata baiwar Allah a baya tana ta salati ta ƙanƙame jikanta. Mu goma a ciki ba wanda ya yi magana kafin nan, har ni. Kwana, kan tudu, kan gada, mararraba, duk ba wurin obatekin ba ne, kuma fasinja na da bakin cewa "Malam direba, don Allah dakata mu fita kwanar nan."

Aikin gida: ku rubuta NO OVERTAKING sau biyar a littafinku, ku ja layi ƙarƙashin V. Ranar kasuwa in kun je tasha ku duba bayan manyan motoci, wanda ya ga kalmar ya kwafo duk abin da aka rubuta tare da ita, mu karanta a aji.