Yadda na gyara lissafin zurfin yanka a injin ruwa da yashi

A shagonmu na Yamai muna yanka dutsen giranit da injin da ke feso ruwa da ƙarfin bar 4000 (bar ma'aunin matsin ruwa ne), gauraye da yashin garnet, wani yashi mai tauri da ke cin dutsen. Lissafina ya ce zai huda milimita 30, amma in na juya dutsen sai in tarar ƙasan ya yi zane-zane a karkace, yankan bai ma fita ba.

Kwana uku ina zargin famfo. Ashe yashin ne! Damina ta sa ya ji danshi, yana zuba guntu-guntu. Na tara shi a kwano minti ɗaya na auna, bai kai abin da na sa a kwamfuta ba. Na shanya shi, na gyara adadin, na rage gudun yankan. Maigida ya shafa gefen dutsen da yatsa ya ce, "To, yanzu kam."